Bindigar Farauta Mai Araha: Riba Ce Ko Hasara?

Kowace shekara idan dawa ta fara nuna, gyaɗa kuma ta ƙosa, kuka ɗaya ne ya ke tashi a ƙauyukan da ke bakin daji da gindin duwatsu. Gwaggon biri ya shiga masara, gadu ya tone rogo, beguwa ta gama da dankali. Mutum ya yi wata 5 yana zub da gumi, dabba ta zo ta kwashe cikin kwana 3. Wanda bai taɓa tsayawa cikin gonarsa da safe ya ga irin wannan ɓarna ba, ba zai san zafinta ba.

A 'yan shekarun nan zancen ya sami ƙari. Samarinmu suna gani a wayoyinsu cewa a Amurka ana sayad da sabuwar bindigar farauta, fil daga masana'anta, a kan kuɗin da bai kai dala 500 ba. Sai gardama ta tashi bayan sujada. Samari su ce da ƙungiyar manoma za ta haɗa kuɗi ta sami guda ɗaya, da an huta da ɓarna. Dattawa su ce araha ba ta ado, abin da aka sayar a kan wannan kuɗi ba zai yi ƙarko ba. Iyayenmu su gafarce ni, amma a ganina bindigar ta fi yadda su ke zato kyau. Samari kuma su yi mini haƙuri, gama duk da kyanta ba ta dace da mu ba. Bari mu bi zancen daki-daki.

Wace iri ce wannan bindiga?

A bayan bututunta akwai wani sandan ƙarfe mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa. Maharbi ya ɗaga mariƙin ya ja baya, sai kwanson da aka harba ya fita. Ya tura gaba, sabon harsashi ya shiga. Ya danna mariƙin ƙasa, haƙoran sakatar su kama, ta kulle. Saboda haka zan kira ta bindiga mai sakata. Ba ta yin kome da kanta, hannun mutum ne ke yin aikin duka. A cikin bututun kuma an yanka layuka masu murɗawa, su ne ke sa harsashi ya riƙa juyi kamar katantanwa, ya tafi sak, ya yi nisa. Nan ta bambanta da adaka tamu wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, ta kuma bambanta da bindigar tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyin darma.

Ba baƙuwa ba ce gare mu ƙwarai. Kakanninmu da suka je yaƙin Barma tsakanin 1943 da 1945 irinta suka riƙe, watau Lee-Enfield ta Ingila mai cin harsashi 10. Da ita suka ratsa kurmi da taɓo da ruwan sama.

Shaidar ƙarkonta

Shirin da yawancin bindigogin farauta na yau su ke bi, Paul Mauser ne ya kammala shi a Jamus a 1898. Rasha ta fitad da tata, Mosin-Nagant, a 1891, an kuwa ƙera ta fiye da miliyan 30. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi gwanjon irin waɗannan tsofaffin bindigogin soja da yawan gaske. Talakawan Amurka da na Kanada suka saya da 'yan kuɗi kaɗan, suka rage musu katako, suka ciyad da iyalinsu da nama shekara da shekaru.

Ga shaida ta biyu. A arewacin Kanada akwai rundunar 'yan sintiri, da yawa daga cikinsu 'yan asalin ƙasar ne, maharba ne kuma tun suna yara. Tun 1947 aka ba su Lee-Enfield, suka riƙe ta wajen shekara 70 cikin sanyin da ke daskarad da mai a cikin inji. Sa'ad da gwamnati ta fara sauya musu ita a 2018, babban dalili shi ne kayan gyaranta sun yi wuyar samu. Da me aka sauya ta? Da wata mai sakata. Haka nan sojojin Danmak masu sintiri da karnuka a kan ƙanƙarar Girinlan suka zaɓi su ci gaba da riƙe bindiga mai sakata ta shirin 1917 domin tsare kansu daga farin beyar, shekaru da yawa bayan sauran sojojin duniya sun ajiye irinta. Mutanen da ransu ya rataya ga bindiga, a wurin da babu mai gyara ko kusa, wannan suka zaɓa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gaɓoɓinta kaɗan ne, saboda haka abin da zai lalace ma kaɗan ne. In harsashi ya ƙi tashi, a ja sakata a tura wani. In yashi ya shiga, a zare sakatar da hannu, a goge, a mayar. Duk manomin da ya taɓa riƙe garmar shanu, ya kuma ga tarakta ta kwanta wata 6 don rashin wani ɗan ƙarfe, ya riga ya gane wannan magana.

Ina arahar ta fito?

Aiki mafi cin lokaci wajen haɗa irin wannan bindiga shi ne daidaita bututu da sakata, yadda harsashi zai zauna ɗas, ba sako-sako ba, ba kuwa a matse ba. A dā gwanin maƙeri ne ke yin wannan da hannu, lokacinsa kuwa kuɗi ne. A 1958 kamfanin Savage na Amurka ya fitad da bindiga mai lamba 110, wadda ta sami sunanta daga kuɗinta, watau kusan dala 110. Dabararsu ita ce a murɗa bututun har ya taɓa ma'auni, sa'an nan a ɗaure shi da noti. Masu son ado suka ce notin ya ɓata mata kyan gani. Maharba kuwa suka tarar tana samun abin da aka auna.

A zamaninmu injunan da kwamfuta ke bi da su suna yanka ƙarfe daidai wa daida, dubu bayan dubu, ba gajiya. Daga nan aka sami jerin masu araha: Savage Axis wajen 2011, Ruger American a 2012, Remington 783 a 2013, Mossberg Patriot a 2015. Abin da aka rage musu shi ne katako mai tsada, da gogewa mai walƙiya, da zane-zane a jikin ƙarfe. Gindinsu roba ce da aka zuba a mazubi. Amma bututu da sakata ƙarfe ne na gaske. Da yawa daga cikinsu, in an sa musu harsashin da ya dace, suna tara harbi 3 cikin faɗin inci 1 zuwa 2 daga nisan yadi 100. Wurin da a ke so a sami barewa kuwa ya kai faɗin faranti. Attajiri ya kan biya dubban fam a Landan a ƙera masa bindiga da hannu, mai zanen ganye da sunansa a jiki. Barewar da aka harba ba ta san wadda ta kashe ta ba.

Kada in ɓoye aibinsu. Gindin roba ya kan lanƙwasa ya taɓa bututu, harbi ya kauce. Baƙin shafen da a ke yi wa ƙarfensu ba shi da kauri, tsatsa ta kan kama su da wuri in ba a shafa mai ba. Madubin hangen nesa da a kan haɗa a sayar tare da su sau da yawa shi ne abu mafi rauni, ya kan goce bayan 'yan harbe-harbe. Maƙallin gidan harsashi na roba ya kan karye. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma aibi ne da mai kula zai iya gani, ya gyara ko ya sauya, bindigar kuma ta ci gaba da aiki. To, dattawa sun faɗi daidai, araha ba ta ado. Sai dai maharbi nama ya fita nema.

Inda ragin kuɗi ke cin rai

Akwai wani ragin kuɗi dabam, shi ne abin tsoro. A 1948 Mike Walker, injiniyan da ya shirya kunamar bindigogin Remington, shi da kansa ya ba da shawara a ƙara mata wani abin tsaro. An lissafta gyaran zai ci santi 5 da rabi a kan kowace bindiga. Ba a yi ba. Cikin shekarun da suka biyo baya mutane da yawa suka kai ƙara cewa bindigarsu ta tashi ba su taɓa kunama ba, waɗansu sun ji rauni, waɗansu sun mutu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa bindigarsa lafiya lau ta ke, hatsarin daga rashin kula ne ko taɓa kunama ba da sani ba. Duk da haka a 2014 ya yarda ya sauya kunamar bindigogi kimanin miliyan 7 da rabi, kotu kuma ta amince da sulhun a 2017. Ku lura da abu ɗaya. Remington 700, wadda aka fi yin zancen a kanta, ba ita ce mafi araha a kasuwa ba, tana cikin waɗanda suka fi suna. Ashe yawan kuɗi ba shi ne shaidar aminci ba. Abin tambaya shi ne, daga wane wuri mai ƙira ya rage kuɗin?

Mu ma muna da namu misali a gida. Akwai maƙera da ke yin bututun adaka da bututun famfo, domin shi ne mai araha. An yi shi don ya ɗauki ruwa, ba a yi shi don ya jure wutar albarushi ba. Ya yi tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, ran da aka ƙara masa albarushi sai ya fashe a hannun mai shi. A ƙasar maharba ba wuya ka ga dattijo mai yatsa 3 ko mai ido ɗaya ta wannan hanya. Kuɗin da ya rage ran saye, ya biya shi ninki goma a asibiti, hannun noma kuma ya tafi.

Me ya sa ba ta dace da mu ba?

Yanzu sai in juyo ga samari. Na yarda bindigar tana da kyau, tana kuma da riba ga maharbin Amurka. Amma darajar kayan aiki tana tafiya tare da wurin da a ke aiki da shi. Kwalekwale dukiya ne a Yawuri, a kan tudun Jos kuwa itacen wuta ne. Akwai abu 4 da maharbin can ya ke da su, mu ba mu da su.

Na fari, doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi 3. Kashi na fari haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki har da masu cin harsashin soja na .303 da 7.62, watau irin ta kakanninmu ta Barma ma tana ciki. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na zamani, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin su adaka. A watan Agusta 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatad da ba da sabon lasin bindiga saboda yawan makamai a ƙasa. Wanda aka kama da bindiga ta kashi na fari ba izini, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne a ƙalla. Duk wanda ya zo maka da dare ya ce yana da bindiga mai araha ba takarda, kurkuku ya ke sayar maka. Mai bi kuwa ba ya gina gidansa a kan abin ɓoye.

Na biyu, harsashi da kayan gyara. Can kusan kowane gari yana da kantin harsashi da mai gyaran bindiga. Dala 500 ɗin nan kuma kuɗin kanti ne a can, ban da madubi, ban da jigila, ban da kwastan, ban da canjin naira. Kun ji abin da ya sa Kanada ta ajiye bindigar da ta yi mata bauta shekara 70: rashin kayan gyara. In gwamnati mai arziki ta kasa riƙe bindiga don wannan dalili, ina ga ƙungiyar manoma? Bindiga ba harsashi sanda ce, sandar gora ma ta fi ta sauƙin ɗauka.

Na uku, naman daji. Wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, ba ta wuce 500,000 ba a ƙasar duka. Suka kafa dokoki: lokacin farauta ƙayyadadde, lasin kowane maharbi, da iyakar dabbar da mutum zai kashe a shekara. A 1937 suka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsashi domin kiwon namun daji da dazuzzuka, harajin ya kai kashi 11 cikin 100. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Guda ɗaya tana ba da tsokar nama kimanin kilo 20, saboda haka cikin 'yan shekaru bindiga ta biya kuɗinta. Mu fa? Dattawa za su gaya muku inda a dā a ke ganin gwanki da kanki da ɓauna, yau sai gonaki da ƙurar iska. Ɗan abin da ya rage yana wurare irin su Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, farauta kuwa haramun ce a cikinta. Bindiga mai harbin nesa ba za ta ƙara mana nama ba, ragowar za ta ƙarasa.

Na huɗu, fili. Harsashin irin wannan bindiga in ya kuskure ya kan yi tafiyar kilomita 4 ko fiye kafin ya faɗi. A Amurka ma jihohi masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gonaki, irin su Ohayo da Ilinoi, sun yi shekaru da yawa suna hana harbin barewa da ita, har yanzu kuma suna ƙayyade irin harsashin da za a sa. Ka tsaya a gonarka ka auna kilomita 4 ta kowane gefe. Mata nawa ne ke ɗiban itace a ciki? Yara nawa ke kiwo? Rugage nawa, rijiyoyi nawa, makarantu nawa?

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Dukanmu mun san yadda rigimar gona da burtali ta kan tashi. Yau in shanu suka shiga gona, a kan yi cacar baki, wani lokaci a kai ga sanda, daga baya a je gaban mai gari a biya ɓarna. Ku sa bindiga mai kashewa daga yadi 300 a ɗakin saurayi mai zafin zuciya, ku ce ta gwaggon biri ce. Ran da fushi ya zo, ba zai tuna da gwaggon biri ba. Wani zai ce, ai miyagu suna yawo da makamai, mu ne za mu zauna hannu sake? Ban raina wannan kuka ba, na san ƙauyuka sun sha wuya. Amma zancen tsaron gari dabam ne, wurinsa gaban dagaci da hakimi da hukuma, a fili, da sanin kowa. Bindiga guda da aka ɓoye a rumbu ba ta tsare gari. Ta kan zama dalilin da miyagu za su zo nema, ko dalilin da hukuma za ta kwashe mazan unguwa.

To, me za mu yi da ɓarnar dabbobi?

Gwaggon biri yana da wayo, ya kan gane mai bindiga, ya jira ya tafi. Bindiga ɗaya ba ta tsare gona 40. Abin da ke korarsa shi ne ya tarar da mutum kullum. Saboda haka maƙwabtan gona su yi gadi karɓa-karɓa, a kafa rumfa mai tsawo a bakin daji, a riƙa kiwon karnuka a kuma ciyad da su. Masu gonakin bakin daji su yi shawara su shuka iri ɗaya lokaci ɗaya, domin gadin ya zama na 'yan makonni, kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai ta ɗauki ɓarnar duka. Masara da gyaɗa su matso kusa da gida. A girbe da wuri da zarar amfani ya ƙosa. In wata dabba ta addabi gari, a kai kuka ga dagaci da ma'aikatan gandun daji, su san yadda za a yi da sarkin baka da maharba masu takarda. Kuɗin da za a tara don bindiga kuwa, ya isa ya yi wa ƙungiya wani abin da za ta ci moriyarsa kowace rana.

Darasin da ya rage mana

Ko da ba za mu sayi bindigar ba, labarinta ya koya mana yadda a ke sayen kayan aiki. Ko garmar shanu ce, ko injin ban-ruwa, ko keken ɗinki, ko injin niƙa, kafin ƙungiya ta fitad da kuɗi ta yi tambaya 4. Daga ina aka rage kuɗin, daga fenti ne ko daga ƙarfen da ke ɗaukar nauyi? Gaɓoɓinsa nawa ne, za mu iya kwance shi mu mayar da kanmu? Ina kayan gyaransa, nisan wurin nawa ne? Ya dace da ƙasarmu da dokarmu, ko don mun gan shi a hannun wani ne kawai?

Ku tuna da Dawuda. Sarki Saul ya sa masa kayan yaƙinsa, kaya masu tsada na sarauta. Dawuda ya gwada tafiya da su, ya ga bai saba da su ba, ya tuɓe. Ya koma ga majajjawarsa da duwatsu 5 daga rafi, abin da ya sani, wanda ya ke iya samun harsashinsa a ko'ina. Kayan Saul ba su da aibi, na Saul ne kawai.

Abin da muka noma na Ubangiji ne, namun daji nasa ne, ran maƙwabcinmu ma nasa ne, mu masu riƙon amana ne. A tattauna wannan zance a taron ƙungiya na gaba, dattawa da samari tare, kafin dawa ta nuna. Allah ya tsare mana gonakinmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.